Askin Yasmin ɗin Si Manji

Ranar Talata, ashirin da shida ga Maris, da misalin ƙarfe tara na safe, Si Shadli ya shiga gidan maƙwabcinsa Si Manji da zarto, ya sare yasmin, itacen fure mai ƙamshi da ke tsakar gidan, ya bar kututture wanda tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya da yatsu huɗu ba. Itacen ya shekara hamsin da ɗaya a wurin, kuma ya rufe katangar gabas baki ɗaya. Abin ya faru a Lungun Masu Tabarma, cikin tsohon garin Nabul, ba nisa da Tunis, a gaban mutum uku. Babu wanda ya kira 'yan sanda, domin masu gidan ne da kansu suka yi kwana takwas suna neman hanyar da za su ba shi haushi.

A lungun nan ba mai yi wa yasmin ɗinsa aski da hannunsa. Yasmin ba ya fure a tsohon reshe. Sai an datse shi sosai a ƙarshen sanyi, bayan iskar Husum ta gama kwanakinta, kafin ruwa ya hau jikin itacen, sannan zai fitar da sabbin rassa, su cika da fure tun daga Yuli. Mai itace ba ya iya wannan. Yana ɗaga almakashi sai ya tuna inuwar da reshen ya yi masa bara, ya ciri ganye biyu ya sauko. Aboki yana jin nauyi. Ɗan ƙwadago kuwa yana aiki ne mai gida na tsaye a kansa yana cewa ya isa. Shi ya sa tun zamanin kakanni wanda ba ya ƙaunarka ake buɗe wa ƙofa. Duk gidan da yasmin ɗinsu ya yi kyau, an san suna da maƙiyi na kirki.

Na Si Manji ya fi na kowa kyau, domin maƙiyinsa ya fi na kowa. Si Manji tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekararsa sittin da takwas. Si Shadli tsohon direban jirgin ƙasa ne, ya girme shi da shekara biyu. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Shekara ashirin da biyu da suka wuce Si Manji ya gyara rufinsa, ya juya indararo yadda ruwan sama zai riƙa zuba a jikin bangon Si Shadli. Daga ranar suka daina gaisawa, ko a masallaci, ko a jana'iza.

Kowace shekara, safiyar farko bayan Husum, Lalla Dalanda matar Si Manji takan buɗe ƙofa, ta jingina tsani, ta ajiye kofin shayi a bakin rijiya. Si Manji yakan tafi gidan gahawa don kada ya gani. Si Shadli yakan shigo ba sallama, ya hau tsani, ya kama datsa. Kowane reshe da sunan da yake ba shi kafin ya faɗi: wannan na indararo ne, wannan na damshin bango, wannan na fentin da ya ɓare. Cikin awa ɗaya yakan mayar da itacen ƙashi da rai, daidai tsayin ƙirjin mutum, ya shanye shayin, ya fita ba sallama. Ba a taɓa ba shi komai ba, bai kuma taɓa nema ba. Daɗin da yake ji ya ishe shi.

A bana aikin ya fi na kullum muhimmanci. An sa ranar auren Iskandar, autan Si Manji, ashirin da uku ga Agusta. Ango ba ya fita ba mashmum a hannu, wato damin tohon yasmin da ake ɗaure wa da jan zare. A gidan nan ba a taɓa sayen na ango a kasuwa ba. Mahaifiyar Si Manji ce ta dasa itacen, daga shi aka ɗaura na Si Manji, da na ƙannensa biyu, da na manyan 'ya'yansa uku. Yayarsa Lalla Jalila, mai shekara saba'in da huɗu, ta riga ta sanar cewa ita za ta tsinki tohon da hannunta, kuma ta ce tana iya gane na kasuwa daga nisan layi uku.

Matsalar ta fara ne a watan Disamba, a gidan wanka na jama'a. Wani dattijo ya zame a kan dutse mai santsi, ya faɗi a kan ƙugunsa. Si Manji ne ya fi kusa. Ya rufa masa tawul, ya ciccibe shi, ya nufi waje da shi. Daga baya ya shaida wa matarsa cewa tururi ya yi yawa, bai gane Si Shadli ne ba sai da suka kai bakin ƙofa, kuma a lokacin mutane na kallo, abin kunya ne ya sauke shi. Haka ya sa shi a tasi, ya zauna da shi a asibiti har aka gama duba shi.

Bayan mako biyu Si Shadli ya ƙwanƙwasa ƙofa yana dogara sanda, ɗauke da farantin makarud, wani irin alkaki mai dabino. Ya yi kuka. Ya kira Si Manji ɗan'uwansa. Washegari Si Manji ya hau rufi ya juya indararo zuwa titi. Liman ya kawo labarin a huɗuba ba tare da kiran suna ba, kowa kuwa ya gane. Lungun duka ya yi murna. Lalla Dalanda ce kaɗai ta tsaya tana duban katangar gabas.

Husum ta wuce ranar sha bakwai ga Maris. Ranar sha takwas Lalla Dalanda ta buɗe ƙofa, ta jingina tsani, ta ajiye shayi. Si Shadli ya yi sallama kafin ya shigo, abin da ta ce shi ne ya fara tayar mata da hankali. Ya hana Si Manji fita, ya ce ya zauna su yi hira. Ya yi awa biyu a kan tsani. Da ya sauko, abin da ya yanko tsinkaye goma sha ɗaya ne, duk sun shiga faranti ɗaya. An ji shi yana ba wa wani reshe haƙuri.

Ta roƙe shi ya ƙara, ko da rabin abin da ya saba.

"Haba Lalla Dalanda," in ji shi. "Itacen mahaifiyar ɗan'uwana? Ai abin da na yi masa shekara ashirin da biyu, Allah ne kaɗai zai yafe mini."

Ya sha shayin, ya yaba na'ana'ar, ya wanke kofin da kansa.

Bayan fitarsa ta yi wa mijinta lissafin kwanaki. Idan Maris ya ƙare ba a datse itacen ba, ruwa zai hau, sai ganye, sai fure jefi-jefi a can sama inda ba mai kaiwa. Si Manji ya ce shi zai yi da kansa. Ta miƙa masa almakashi. Ya hau matakala uku, ya kama wani reshe, ya ce a nan mahaifiyarsa ke rataye rariya, ya sauko.

"Kai ka ɗauko shi daga ƙasa," ta ce. "Kai za ka mayar da shi inda ka same shi. Safiya ɗaya kawai nake so ya tsane ka. Bayan nan ku rungumi juna har tashin duniya."

Si Manji ya fara da abin da ya sani. Ranar Laraba ya hau rufi ya mayar da indararo wajen bangon maƙwabcinsa. Makon nan ba a yi ruwa a Nabul ba. Ranar Alhamis ya hau da bokiti, ya kwarara sau huɗu. Si Shadli ya fito, ya ga ruwa na gangarowa a bangonsa, ya ɗaga kai ya yi godiya. Ya ce bangon dama ya yi ƙura. Ya jawo tukunyar na'ana'arsa ya ajiye a ƙarƙashin indararon, ya tambaya ko da sauran bokiti ɗaya.

Ranar Juma'a da yamma, a gidan gahawa, suna karta, Si Manji ya zaro katin bakwai daga hannun rigarsa a fili, a hankali, yadda ko makaho zai gani. Sauran 'yan wasan suka yi ca. Si Shadli ya tsawatar musu. Ya ce ɗan'uwansa ya tsufa, wataƙila katin ya maƙale ne tun wasan jiya, kuma duk wanda ke da magana ya yi da shi.

Ranar Asabar Lalla Dalanda ta shiga aikin da kanta. Ta dafa kuskus da kifi, ta zuba harisa, niƙaƙƙen barkononsu, cokali shida da gishiri tafi biyu, ta aika musu. Kwanon ya dawo da la'asar a wanke, cike da lemun tsami daga bishiyar Si Shadli, da saƙon cewa ya tuna masa da girkin marigayiya mahaifiyarsa.

Ranar Lahadi Si Manji ya tare shi a bakin ƙofa ya gaya masa, ba kwana-kwana, cewa cikin shekara talatin da ya yi yana tuƙa jirgi bai taɓa isowa a kan lokaci ba, kuma jaki ya fi jirginsa sauri. Si Shadli ya yi ɗan tunani, ya ce wannan gaskiya ne, akwai ma ranar da wani mai jaki ya wuce su a kusa da gada, ya ɗaga musu hannu.

A ranar ne Lalla Dalanda ta ce a nemo wani maƙiyin. Si Manji ya zauna ya yi nazari. Ya ɗauka mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu a bayan kantar gidan waya yana cewa mutane su dawo gobe ba zai rasa maƙiya ba. Biyu sun rasu. Ɗaya ya koma wurin 'yarsa a Marsiliya. Ɗaya yana nan, amma ba ya tuna kowa, har da matarsa. Wanda ya rage shi ne Si Lutfi, tsohon mai sayar da yadi, wanda suka taɓa yin cacar baki da shi shekara uku da suka wuce a kan kujerar da ke kusa da taga a gidan gahawa.

Si Manji ya same shi ranar Litinin. Si Lutfi ya ce shi wallahi ya yafe tun tuni, amma tun da abin na aure ne zai yi ƙoƙari. Ya nemi a tuna masa wa ya ce me. Si Manji ya tuna masa, ya ɗan ƙara gishiri. Suka tsayar da Talata, ƙarfe takwas da rabi. Sharaɗin Si Lutfi ɗaya ne: kada Si Manji ya tafi gidan gahawa, ya zauna inda zai riƙa ganin fuskarsa, don kada fushin ya huce.

Haka aka yi. Ranar Talata aka buɗe ƙofa, aka jingina tsani, aka ajiye shayi. Si Lutfi ya zo da sabon almakashi, takardar shago na rataye a jiki. Ya hau, ya dubi Si Manji da ke zaune a kan kujera a tsakiyar gida, ya ce, "Kujerata ce," ya yanki wani tsinke. Ya sake dubansa, ya ce, "Kowa ya san kujerata ce," ya yanki wani. A tsinke na biyar ya fara tambayar ko ba ranar ce aka yi ruwa ba, domin idan ranar ce, to yana jin shi ne ya zo daga baya.

Ƙarar almakashi tana tsallake katanga. Ƙarfe tara saura kwata Si Shadli ya bayyana a bakin ƙofa da sandarsa. Ya yi sallama. Ya dubi tsanin, ya dubi shayin, ya dubi mutumin da ke sama.

"Wane ne wannan a kan tsanina?"

Si Manji ya ce Si Lutfi ne, ya zo ya ɗan taimaka.

"Na ga Si Lutfi ne. A wane matsayi?"

 Si Lutfi ne daga sama ya ce, cikin ladabi, a matsayin maƙiyi, amma na wucin gadi.

Si Shadli ya jingina sandarsa a bango. Waɗanda suka ga abin sun ce bai ɗaga murya ba.

"Shekara ashirin da biyu ina zuwa gidan nan," ya ce. "Na taɓa makara? Shekarar da aka yi mini aikin ido na zo da bandeji. Shekarar da surukata ta rasu na zo daga maƙabarta. Itacen nan ni na mayar da shi abin da ya zama. Yau ka je ka ɗauko mini mai gabar kujera?"

"Ɗan'uwa, ai kai ne ka ƙi yankawa."

"Gabar kujera ko na'ana'a ba za ta yanka ba. Dube shi. Dubi yadda ya riƙe almakashi kamar zai auna wa amarya yadi."

Si Lutfi ya ce shi ma bai so zuwa ba.

Si Shadli ya fara haɗa abubuwa. Ya tambaya ko ruwan bokiti da gangan ne. Si Manji ya ce da gangan ne. Katin fa? Shi ma. Maganar jaki? Si Manji ya ce wannan kam dama tana ransa, amma lokacin faɗinta ne aka zaɓa. Daga nan Si Shadli ya juya wajen uwar gida.

"Kuskus ɗin ma, Lalla?"

"Shi ma, Si Shadli."

"Na cinye shi duka. Matata ta ce a ba kyanwa, na ce abincin gidan ɗan'uwana ne. Wuni guda ina shan ruwa kamar raƙumi."

"Allah ya ba ka haƙuri. Don yaron ne."

"Don yaron," in ji shi. Ya fita ya bar sandarsa.

Lalla Dalanda ta ce a lokacin ta yi murna, domin ta ga wuyansa ya yi ja irin na da. Ta sa Si Lutfi ya sauko. Ta gyara zaman tsanin. Da Si Shadli ya dawo, ba sallama, ba almakashi ne a hannunsa ba, zarto ne, kuma bai ko dubi tsanin ba.

Ya fara daga tsayin kafaɗa. Rassan suka riƙa faɗowa da sunayensu: wannan na bokiti na ɗaya, wannan na biyu, wannan na bakwai ɗin karta, wannan na jaki. Da ya kai tsayin ƙirji, inda ya saba tsayawa, Lalla Dalanda ta ɗauki kofin shayi ta miƙa. Bai karɓa ba. Ya ce saura harisa, cokali nawa ne? Ta ce uku. Ya ce bakinsa ya ƙirga shida. Ya yanka shida.

A tsayin ƙugu ta ce ya isa. Shi ne karo na farko da aka ji kalmar a gidan ranar aski.

"Kin san al'ada, Lalla," ya ce, bai juyo ba. "Ba a ce wa maƙiyi ya isa."

Sauran kuma ya ce na Si Lutfi ne. Ya durƙusa a kan ƙugun da ya yi ciwo, ya sa zarto a gindin itacen. Si Manji bai tashi daga kujerarsa ba.  Duka aikin minti goma sha huɗu ya ɗauka. Si Shadli ya miƙe, ya shanye shayin da aka zuba wa Si Lutfi, ya ce ya yi sanyi, ya ɗauki sandarsa ya fita. Sai da amalanke ta yi sawu uku kafin a kwashe rassan.

An nemi ra'ayin masana. Mai gandun dashe da ke hanyar Hammamat ya zo ya duba, ya kankare ɓawon da farce, ya ce akwai ɗanye a ciki. Ya ce yasmin mai waɗannan shekarun, idan aka yi masa haka, ko dai ya taso da ƙarfi cikin kwana arba'in ya ba kowa mamaki, ko kuma ya ƙi tasowa sam, kuma shi ya ga iri biyun. Iskandar, da aka kira shi a waya a Tunis inda yake aiki, ya ce a sayi mashmum a kasuwa mana, wa zai sani. An roƙe shi kada ya maimaita wannan a inda gwaggonsa za ta ji. Har yanzu ba a gaya wa Lalla Jalila ba. Ta yi niyyar kawo ziyara sau biyu, sau biyun an ce mata ana fenti.

Tun ranar Si Shadli da Si Manji ba su gaisa ba. Sai dai kowace safiya ƙarfe bakwai Si Shadli yakan tura ƙofar gidan ba sallama. Shi ya shafe kan kututturen da yumɓu don kada rana ta busar da shi. Shi ya tone gindin ya zuba takin tumaki, ya kuma hana a ba shi ruwa fiye da gwangwani ɗaya. Ranar da ya tarar Si Manji ya ƙara na biyu, ya kira shi mai lasar kan sarkin wasiƙa, ya ce idan itacen ya mutu to ruwa ne ya kashe shi, ba zarto ba. A gidan gahawa an rabu biyu. Wasu sun ce gaba ce ta dawo, wasu sun ce maƙiyi ba ya ɗauko taki a kansa. Si Lutfi kuwa ya sauya wurin zama.

Jiya, kwana goma sha tara bayan saran, an ga wani abu kore a gefen kututturen, ta ɓangaren rijiya, girmansa bai kai ƙwayar alkama ba. Si Manji ya ce toho ne. Si Shadli ya sa tabarau, ya durƙusa, ya daɗe yana kallo, ya ce ƙwaro ne. Hanyar sani ɗaya ce, a taɓa shi a ga ko zai motsa. Lalla Dalanda ta kifa kwando a kai, ta ce duk wanda ya miƙa yatsa zai ci kuskus. Da safiyar yau abin yana nan inda yake, bai ƙaru ba, bai kuma tashi ba.